Bene Ya Leƙa Mini Gida: Amsa Ga Mai Sauraro Daga Chikaji

Wani mai sauraronmu daga Chikaji, cikin ƙaramar hukumar Sabon Gari, ya aiko da takarda yana kuka da abu biyu. Na farko, maƙwabcinsa ya ta da bene, tagar sama kuwa tana kallon tsakar gidansa, har iyalinsa sun daina zama a waje ko da zafi ya matsa. Na biyu, ɗan lambun da ke bayan gidan a buɗe yake, awaki da masu wucewa suna yi masa ɓarna. Yana tambaya ko ya ƙara wa katanga tsawo.

To, Malam, mun gode da takardarka. Kada ka fara sayen bulo tukuna. Mutumin da ke kan bene daga sama yake hangowa, ko ka kai katangarka ƙafa 10, abin da ke can tsakiyar gida yana nan a idonsa. Abin da ke tare irin wannan gani shi ne wanda ke kusa da mazauni. Ka tsaya inda mata ke girki da wanki, ka dubi tagar, sannan ka kafa rumfar zana ko ta kwano daidai tsakaninku. Ƙaramar rumfa a wurin da ya dace ta fi doguwar katanga aiki, ga ta kuma da arha. Banɗaki in ba shi da rufi, da shi za ka fara.

Amma fa nauyin ba naka ba ne kai kaɗai. A littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan Zariya, an hana mutum buɗe tagar da zai riƙa ganin cikin gidan maƙwabcinsa ta cikinta. Ka same shi cikin lalama, kai da shi. Sau da yawa magini ne ya sa tagar, mai gidan bai ma lura ba. Yana iya toshe rabinta na ƙasa, ko ya sa gilashin da ba a gani ta cikinsa. In ya ƙi, sai mai unguwa da limami. In nan ma abin ya faskara, akwai hukumar KASUPDA mai kula da tsarin gine-gine a Jihar Kaduna.

Batun lambu kuwa, dangar karan dawa ta yi, sai dai da ƙyar take wuce shekara, gara da ruwan sama ke cinye ta. Ka kafa ta yanzu, ka dasa shinge mai rai a jikinta, kafin ta ruɓe ya kama. Ni bini-da-zugu zan ba ka shawara: reshe kawai ake yankowa a soka a ƙasa, wajen watan Afrilu zuwa Mayu, gab da saukar damina, kuma akuya ba ta cinsa. A dasa kusa-kusa, a riƙa sare kansa don ya yi duhu daga ƙasa. Sai dai a ja wa yara kunne, 'ya'yansa guba ne. Lalle ma yana yin shinge mai kyau, ga uwargida ta samu na ƙunshi. Zogale yana da saurin tashi, amma ba ya rufe ido, awaki kuma nan za su yi sansani.

Dogon yaro kada ya matsi katanga, saiwarsa na tsaga gini. Tunda Samaru ba nisa, ka leƙa Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke can tun 1922, ka tambayi malaman gona irin dashen da ya dace da ƙasar wurinka. Kafin ka soka ko reshe ɗaya, ka kira maƙwabtan lambun su ga iyaka da idonsu.