Sarauniya Amina, Fim Ɗinta da Takwarorinta na Ƙasar Rano

Da wuya a sami unguwa a garin Rano, ko ƙauye a ƙasar Kibiya, da za a ɗaga murya a kira Amina a rasa mai amsawa. Wata Aminatu ake ce mata, wata kuma an sakaya ta da Ummi ko Mama, domin sunan kakarta ta ci, iyayenta ba sa iya kama shi. Tun da fim ɗin Amina ya fito a Netflix cikin Nuwamba 2021 nake jin wasu ɗalibai na cewa yawan wannan suna shaida ce ta yadda Hausawa ke girmama Sarauniyar Zazzau. Maganar tana da daɗin ji, sai dai ba haka take ba.

Magidancin da ya yanka rago ranar suna, ya ce wa liman a raɗa wa jaririya Amina, Nana Amina 'yar Wahabu yake nufi, mahaifiyar Manzon Allah (SAW), ko kuwa tasa mahaifiyar da ta ci wancan suna tun da farko. Mai shakka ya gwada wannan ma'auni: a labarin Bayajidda, Magajiya Daurama ce ta haifi Bawo, Bawo kuma ya haifi Zamnakogi wanda ake danganta sarautar Rano da shi, har yau kuma Autan Bawo ake yi wa Sarkin Rano laƙabi. Da don sarauta ake sa wa 'ya'ya mata suna, ai da Daurama ce ta cika gidajen Rano. Yara nawa mai karatu ya sani masu wannan suna? Ita kanta Sarauniyar takwara ce, ba mai asalin suna ba. A nawa ganin, wannan ne abu mafi ƙarfi da sunanta ke faɗa wa mai nazarin tarihi: a gidan da ake da Bakwa da Karama da Zariya, sai ga 'ya mai sunan Musulunci, alamar cewa addinin ya riga ya shiga fada, yana zaune kafaɗa da kafaɗa da tsofaffin al'adu.

Takwarorin Sarauniyar na haƙiƙa gine-gine ne, hukuma ce kuma ta raɗa musu suna. Akwai Kwalejin Sarauniya Amina a Kakuri ta Kaduna, akwai ɗakin kwanan ɗalibai mata mai sunanta a Jami'ar Ahmadu Bello, da wani a Jami'ar Legas, ga mutum-mutuminta bisa doki a Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa da ke Iganmu. Nijeriya ta nemi jarumar da za ta nuna wa 'ya'yanta mata, ta kuwa same ta a Zazzau. Ba laifi.

To me tarihi ya riƙe game da ita? Kaɗan ne, kuma bakin masu ruwaya bai zo ɗaya ba. Littafin Tarihin Kano ya sanya ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wajen 1421 zuwa 1438. Ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nufe, Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, yaƙe-yaƙenta kuma sun ɗauki shekara 34. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Infaƙul Maisuri na 1812, ya ambace ta a matsayin 'yar Sarkin Zazzau wadda Katsina da Kano suka kai wa gaisuwar haraji, ya ce a Atagara ta rasu. Ruwayar Zazzau kuwa ta haɗa ta da Bakwa Turunku, wato ƙarni na 16, tazarar fiye da shekara 100 ke nan da abin da Tarihin Kano ya faɗa. Masana ma sun saɓa kan ko Bakwa namiji ne ko mace, sanannen jerin sarakunan Zazzau kuma bai lissafa Amina cikin waɗanda suka hau gado ba. Sauran, irin labarin mazajen da ake cewa tana kashewa da asuba a duk garin da ta ci, zancen baka ne da ya yi ta kumbura a hanya.

Cikin wannan giɓi ne Izu Ojukwu ya shiga da kyamararsa, Okechukwu Ogunjiofor ya ɗauki nauyin shiryawa, Lucy Ameh ta fito a Amina, Ali Nuhu kuma a Ɗanjuma. Fim ɗin ya ci kambun fim mafi kyau a gasar AMVCA ta 2022. Ba na cikin masu zagin sa don ya ƙara soyayya da makirci. Mai ƙaga labari yana da wannan dama, balle inda ruwaya ta yi shiru. Abin da ya fi damuna shi ne harshe. Da Turanci aka yi fim ɗin, alhali sarautar Hausa rabinta a baki take: gaisuwar fadawa, kirarin maroƙa, amsar dogarai, yadda Waziri ke zagaya magana don kada ya ce wa sarki a'a kai tsaye. In aka cire wannan, saura doki da rawani, waɗanda kowa zai iya aro. Akwai takaici a ga Ali Nuhu, wanda Hausa ta ɗaukaka shi, yana furta zancen fada da harshen Ingila.

Amma wa ya hana mu? Kannywood ta faro tun Turmin Danya a 1990, ta haura shekara 30 tana aiki. Na san fim ɗin tarihi yana cin kuɗi, sai an nemi dawaki da lifidi da sulke da ɗaruruwan mutane, kasuwar kuma ba ta da tabbas. Duk da haka wanda ya bar gonarsa ba shuka ba zai yi ƙorafi don maƙwabci ya yafa irin da ya ga dama ba. Daɗin daɗawa, an cire darasin tarihi daga manhajar makarantun firamare da ƙananan sakandare wajen 2009, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi. Yaran da suka tashi a wannan tsakani, da yawansu a allon waya suka fara haɗuwa da Amina, kuma abin da aka fara gani shi ke zama.

Ga ɗan Rano akwai ƙarin abin lura. Ƙasarsa tana kudancin Kano ne, ɓangaren da ke fuskantar Zazzau. Idan maganar Bello ta tabbata cewa Kano ta kai wa Amina haraji, to kakannin mai kallo a Kibiya ba sa cikin masu guɗa a bayan dokinta. Sun fi kusa da zama cikin waɗanda ke leƙen ƙurar rundunarta daga kan ganuwa ko duwatsu. Fim ɗin yana sa shi tafa wa mai nasara ba tare da ya tambayi inda nasa mutanen suka tsaya ba. Haka kuma al'adar kiran kowace tsohuwar katanga "ganuwar Amina" tana iya danne aikin garuruwan da suka gina nasu da hannunsu, Rano kuwa ɗaya ce daga Hausa Bakwai, ba ƙauyen wani ba.

An kafa Masarautar Rano a 2019, aka rushe ta a Mayun 2024, aka sake kafa ta a wannan shekarar da daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bunkure. An zubar da tawada mai yawa kan darajar sanda. Aikin da nake roƙon masarautar da sassan tarihi na jami'o'inmu su haɗa hannu a kai ya fi wannan sauƙi: a auna abin da ya rage na ganuwa, a rubuta sunayen ƙofofi da unguwanni da dalilinsu, a naɗi muryoyin makaɗan fada da dattawa, musamman tsofaffi mata da ba a cika tambayarsu ba, da Hausarsu yadda suka faɗa. A ajiye kwafi a fadar Rano, a kai wani Gidan Makama a Kano, wani kuma Gidan Arewa da ke Kaduna.