Dambe da kare kai: Ina amfanin, ina haɗarin?

Da zarar an yanke gero, dawa ta shiga rumbu a ƙauyukan arewacin jihar Kano, irin na yankunan Dambatta da Makoɗa da Bichi da Kunchi, sai a fara jin tashin kalangu da yamma. Lokacin dambe da kokawa ya zo ke nan.

Wannan yanki dai na daga cikin yankunan karkara mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Gonaki ƙanana ne, ana noma su kowace shekara da taki, kuma idan damina ta wuce samari da dama kan tafi cin rani birnin Kano ko wasu garuruwa.

A can birnin akwai matsalar 'yan daba da masu ƙwacen waya. A gida kuma, a shekarar 2025 'yan bindiga sun kai hare-hare a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Shanono da Tsanyawa da ke iyaka da jihar Katsina.

Don haka ba abin mamaki ba ne idan saurayi ya ga cewa koyon dambe wata hanya ce ta kare kansa. Abin tambaya shi ne, me horo da duka na gaske ke koya wa mutum, kuma mene ne farashinsa?

Yadda wasan yake

Tun asali an fi sanin dambe da mahauta, waɗanda kan bi garuruwa da kaka suna karawa da takwarorinsu. Yanzu kuwa ya zama sana'a, har akwai gidajen dambe na dindindin, kamar na dandalin Ado Bayero da ke Sabon Garin Kano, inda 'yan wasa ke fitowa daga ɓangarori irin su Arewa da Kudu da Guramaɗa.

Ɗan dambe kan naɗe hannunsa mai ƙarfi da tsumma, ya ɗaure shi tamau da zare. Da shi yake kai naushi. Ɗaya hannun kuma yana miƙa shi gaba a buɗe, domin kare kai da auna tazara. Ana kuma kai duka da ƙafa.

Galibi turmi uku ake yi. Idan hannu ko gwiwar ɗan wasa ta taɓa ƙasa, an yi kisa ke nan. Idan ba haka ba, sai a raba su a ce babu kisa.

Yaro kan koyi wasan ne a hannun ubangida, shi ya sa ake jin sunaye irin su Shagon wane ko Autan wane. Shi kansa sunan Shago ya shahara ne saboda fitaccen ɗan damben nan da marigayi Ɗan Anace ya yi ta yi wa waƙa.

A wannan makaranta babu wasan kwaikwayo. Wanda ya yi sake, zai sha naushi, kuma jikinsa ne zai gaya masa.

Abin da duka ke koyarwa

Masu horar da dabarun faɗa a sassan duniya sun daɗe suna muhawara a kan wannan batu. Wasu makarantu na koyar da motsi ne kawai, ɗalibi ya yi ta naushin iska, ko kuma ya gwada dabara a kan abokin da ba ya turjiya. Wasu kuma na ganin cewa dabarar da ba a gwada ta a kan mai turjiya ba, ba a san ingancinta ba.

Tarihi ya fi goyon bayan ra'ayi na biyu. A shekarar 1993 aka yi gasar UFC ta farko a Amurka, inda aka haɗa masu salon faɗa daban-daban. Wanda ya lashe ta shi ne Royce Gracie ɗan ƙasar Brazil, wanda ba wani ƙato ba ne, amma ya tashi yana kokawa da masu ƙoƙarin kayar da shi da gaske.

A shekarar 2017 kuma wani ɗan wasan China mai suna Xu Xiaodong ya buge wani malamin salon tai chi cikin 'yan daƙiƙoƙi, lamarin da ya jawo ce-ce-ku-ce a ƙasar.

Dalilin a fili yake. Mutumin da bai taɓa shan duka ba, ranar da aka fara kai masa naushi yakan runtse ido, ya juya baya, ko ya daskare a tsaye. Zuciya na bugawa da sauri, numfashi na sarƙewa, ƙarfi kuma kan ƙare cikin ƙanƙanen lokaci.

Ɗan dambe ya riga ya san wannan hali. Ya san tazarar da hannu ke isa, yana iya karanta kafaɗar abokin karawa kafin naushi ya taso, kuma ya saba da yin tunani alhali yana cikin tsoro. Waɗannan abubuwa ba a koyon su da baki.

Akwai kuma wani amfani da ba a cika ambata ba. Wanda ya taɓa shan kaye a gaban jama'a ya san iyakar ƙarfinsa, ya kuma san cewa faɗa ba abin marmari ba ne. Sau da yawa irin wannan mutum ya fi saurin kauce wa rigima.

Ƙwaƙwalwa ba ta sabawa da duka

Sai dai abin da ke ba horon daraja shi ne kuma tushen haɗarinsa. Damtse da ƙirji kan yi ƙwari idan ana motsa su, amma ƙwaƙwalwa ba ta yin kanta.

Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi da ke cikin ruwa a ƙoƙon kai. Idan naushi ya sauka a haɓa, kai ya juya da ƙarfi, sai ta girgiza ta bugi ƙashi. Wannan ne ke sa ɗan wasa ya zube, ko ya miƙe yana tangaɗi bai san inda yake ba.

Tun a shekarar 1928 wani likitan Amurka, Harrison Martland, ya bayyana halin da tsofaffin 'yan damben boksin kan shiga: rawar hannu, nauyin baki, tafiya kamar ta mashayi, da mantuwa. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa ba manyan duka kaɗai ke jawo wannan ba. Ƙananan duka da ke taruwa shekara da shekaru, waɗanda akasarinsu a wurin atisaye ake shan su, su ma suna da nasu kaso.

Akwai kuma haɗarin gaggawa. A shekarar 1982 ɗan damben Koriya ta Kudu, Kim Duk-koo, ya mutu kwanaki kaɗan bayan karawarsa da Ray Mancini a Las Vegas, sakamakon zubar jini a cikin kai. Bayan nan ne hukumar WBC ta rage turamen damben kambu daga 15 zuwa 12. A shekarar 1983 ma Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta yi kira da a hana damben boksin baki ɗaya.

A filin ƙauye haɗarin ya fi haka. Hannun da aka ɗaure da zare ya fi safar boksin tauri, yana iya fasa gira, ya karya muƙamuƙi, ya zubar da haƙori ko ya taɓa ido. A al'adance ba a auna nauyin 'yan wasa, don haka yaro mai tasowa na iya haɗuwa da wanda ya fi shi girma nesa ba kusa ba. Ƙasar rani kuma tauri gare ta, faɗuwa da ƙeya a kanta na iya fin naushin kansa illa.

Jini kan iya taruwa a cikin kai sannu a hankali. Mutum ya farfaɗo, ya yi magana, ya ci tuwo, sannan bayan sa'o'i ya fita hayyacinsa. Ciwon kai mai ƙaruwa, amai, yawan barci, ruɗewa, jijjiga, ko fitar jini ko ruwa daga kunne, duk alamu ne na cewa a garzaya asibiti nan take. Na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da likitocin tiyatarta kuwa a manyan asibitocin birni suke, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, tafiya mai nisa daga ƙauyen Kunchi ko Tsanyawa.

Shan ƙwayoyin kashe zafi irin su tramol kafin wasa na ƙara dagula lamarin, domin suna ɓoye alamun da jiki ke bayarwa.

Fili daban, hanya daban

Ko da an kauce wa rauni, akwai wani haɗarin na daban, wato yarda da kai fiye da kima.

A filin dambe mutum ɗaya kake fuskanta, ka san lokacin farawa, akwai alƙalin wasa, kuma da zarar ka taɓa ƙasa an gama. Mai ƙwacen waya kuwa ba ya sallama. Yakan zo da wuƙa, sau da yawa ba shi kaɗai ba, kuma faɗuwa ƙasa a wurinsa farkon bala'i ne.

Hannun da ya saba da kariyar zare na iya karyewa idan ya naushi kan mutum tsirara. Batun bindiga kuwa, babu naushi ko laya da ke tare harsashi. Abin da ke taimaka wa ƙauye a irin wannan hali shi ne sa ido, da saurin isar da labari ga masu unguwanni da jami'an tsaro.

Doka ma na da abin cewa. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya amince da kare kai daga farmaki, amma da ƙarfin da ya dace da bukata. Wanda ya ci gaba da dukan mutumin da ya riga ya faɗi, ko ya bi wanda ya gudu, zai iya samun kansa a gaban alƙali a matsayin wanda ake tuhuma.

Mahangar malamai

Malaman Musulunci ba su hana motsa jiki da koyon jarumtaka ba, kuma kokawa na da asali a tarihi, domin an ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi. Amma akwai hadisi ingantacce da ya yi hani da dukan fuska.

A shekarar 1987 majalisar fiƙihu ta ƙungiyar Rabiɗa da ke Makka ta yanke hukuncin haramta damben boksin kamar yadda ake yin sa, saboda an gina shi ne a kan cutar da juna. A nan an samu daidaito tsakanin malaman addini da likitoci: kai da fuska su ne matsalar.

Tsaka-tsaki

Shin ana iya samun amfanin ba tare da biyan wannan farashi ba? Wani malamin makaranta a Japan, Jigoro Kano, wanda sunansa ya yi daidai da na birnin Dabo ta hanyar katari kawai, ya nemi amsar wannan tambaya lokacin da ya kafa wasan judo a shekarar 1882. Ya ware dabaru masu kisa daga atisayen yau da kullum, domin ɗalibai su iya yin kokawa da dukkan ƙarfinsu, su kuma dawo washegari lafiya.

Ƙasar Hausa na da irin wannan a gida. Kokawa na koyar da riƙo da daidaita jiki da kuɓucewa daga hannun mutum, ana yin ta da ƙarfi na gaske, kuma ba a kai naushi a ka. Tana da nata raunuka, na gwiwa da kafaɗa da wuya, amma ba ta tara duka a ƙwaƙwalwa kamar dambe.

Ga wanda ya zaɓi dambe kuwa, akwai matakan da ba su da tsada. A riƙa yawaita atisaye mai sauƙi, a rage mai zafi. A haɗa tsara da tsara, a sa robar kare haƙori, a zuba yashi a fili, kada kuma a bari yara ƙanana su riƙa dukan juna a ka. A dokokin damben boksin na masu son, wanda aka sumar sai ya huta aƙalla kwana 30 kafin ya koma fage. Babu abin da zai hana sarakunan dambe da iyayen gida su ɗauki wannan ƙa'ida.

Hular kariya na rage tsagewar fata, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza, don haka bai kamata a dogara da ita ba.

Saurayin da ke son kare kansa yana bukatar ya san yadda tsoro da turjiya suke. Amma yana kuma bukatar ƙwaƙwalwarsa da idanunsa da hannayensa idan damina ta faɗi, domin gonar gida na jiran sa.