Matsarmama, Hanji da Hanta: Binciken da Ya Kamata Ya Iso Kausani

Duk mahaucin da ya san aikinsa, idan ya iso kan hanta yakan rage saurin wuƙa. Akwai wata 'yar jaka koriya manne da ita, wato matsarmama, wadda wasu ke kira maɗaciya. In ta fashe, ɗacinta ya ɓata naman, don haka sai a yanke ta a hankali a jefar. Daga mahautan Wudil har zuwa na ƙauyuka irin su Kausani, hukuncinta ke nan. Amma wannan ruwa mai ɗaci ya daɗe yana ɗauke wa masana hankali. Kyautar Nobel ta 1927 a fannin kimiyyar sinadarai, Bajamushe Heinrich Wieland ne ya same ta, kuma a kan asid ɗin da ke cikin matsarmama ya yi aikin.

Hanta ce ke haɗa wannan asid daga kolestarol, matsarmama ta adana shi, sannan ta tsiyaye shi cikin hanji idan an ci abinci, domin ya narkar da maiƙo kamar yadda sabulu ke yi wa kwanon miya. Jiki ba ya almubazzaranci da shi. Kimanin kashi 95 cikin ɗari ana tsotse shi a ƙarshen ƙaramin hanji, ya bi jijiyar jini ya koma hanta, a sake aiki da shi sau da dama a yini guda. Ɗan abin da ya tsallake zuwa babban hanji kuwa, can yake haɗuwa da biliyoyin ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a cikin kowane ɗan Adam mai lafiya. Wasu daga cikinsu sukan sauya masa siffa ya zama wani asid dabam, shi ma wani kasonsa ya koma hanta. Ke nan abin da mazauna hanji suka dafa, hanta ce ke sha.

A 2013 Farfesa Eiji Hara da abokan aikinsa a Tokyo ta ƙasar Jafan suka wallafa wani bincike a mujallar Nature da ya nuna nauyin wannan magana. Sun shafa wa jariran ɓeraye wani sinadari mai jawo kansa, sannan suka raba su gida biyu: wasu a kan abincinsu na yau da kullum, wasu a kan abinci mai tsananin maiƙo. Waɗanda suka yi ƙiba su ne kansar hanta ta kama. Da aka bi sawu, sai aka tarar maiƙon ya sauya jinsin bakteriyar da ta fi yawa a hanjinsu, kuma wani asid mai suna diyoksikolik, wanda bakteriyar ce ke samar da shi, ya ƙaru a jininsu. Wannan asid yana lahanta wasu ƙwayoyin halitta na hanta har su riƙa fitar da sinadaran kumburi da ke share wa kansa fage. Da aka rage waccan bakteriya, cutar ta ragu ƙwarai.

Ɓera ba mutum ba ne, kuma ina yawan tunatar da ɗalibaina haka. Sai dai tsarin gwajin ne ya tsaya mini a rai: guba tukuna, sannan abinci ya ƙarasa ɓarnar. Mu ma muna da tamu gubar. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu suna ɗauke da aflatoksin, wanda aka tabbatar yana jawo kansar hanta. Muna kuma da cutar hanta nau'in B, wadda binciken ƙasa na 2018 ya nuna tana jikin kimanin kashi 8 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64. A ganina, hantar da ke ɗauke da waɗannan kaya biyu ba ta da sararin ɗaukar na uku.

Shin abinci na iya sauya wannan asid a jikin mutum? A 2015 Dokta Stephen O'Keefe na Jami'ar Pittsburgh ya gwada. Ya ɗauki baƙaƙen fatar Amurka 20 da mazauna karkarar Afirka ta Kudu 20, ya musanya musu cimaka na mako biyu kacal. 'Yan Afirkan da aka ɗora kan nama da soye-soye, asid ɗin da bakteriya ke sarrafawa ya hauhawa a hanjinsu. Amurkawan da aka ɗora kan masara da wake da ganye, nasu ya sauka. Shi kansar babban hanji yake bincike a kai, amma asid ɗin ɗaya ne. A nan gida ma, Dokta Funmilola Ayeni, a lokacin tana Jami'ar Ibadan, ta fitar da wani aiki a 2018 tare da abokanta, inda suka nuna bakteriyar hanjin manoman Bassa ta bambanta da ta mazauna birane.

A nan ne Kausani ta shigo maganar. Magidancin da ya haura hamsin a wannan yanki, da tuwon dawa da miyar kuka da daddawa da fura da nono ya girma. Ɗansa da ke zirga-zirga tsakanin Wudil da Kano, taliyar leda da lemon kwalba da soyayyen abu sun fara zama cimarsa. Zuriya biyu, ciki biyu, a gida ɗaya: irin abin da mai bincike a Turai zai kashe maƙudan kuɗi kafin ya samu. Ga kuma al'adarmu ta shiga kemis a sayi kafso biyu saboda mura ko ciwon ciki ba tare da takardar likita ba. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya tantance baƙo da ɗan gida. Yana share masu amfani tare da masu cutarwa. Don haka kada wani ya karanta labarin ɓerayen Hara ya ce ya samu hujjar shan kafso domin kare hanta.

Haka nan kada wannan ilimi ya zama jari ga masu lasifika a kasuwa da ke tallar maganin "wankin hanta". Wanda idonsa ya yi rawaya, abin da muke kira shawara, gwajin jini yake buƙata, ba jiƙo ba. Allurar rigakafin cutar hanta nau'in B tana cikin jadawalin rigakafin yara a Nijeriya tun 2004, kuma ta farko an fi so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Babu wani gyaran abinci da zai maye gurbinta.

Akasarin abin da duniya ta sani game da alaƙar hanji da hanta, daga ɓerayen ɗakin gwaji da majinyatan Amurka da Turai da gabashin Asiya aka samo shi. Alhali ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote a Wudil, wadda aka kafa tun 2001, ga Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ɗalibin digiri na uku guda, da likitan hanta guda, da amincewar mutum ɗari biyu daga Kausani da unguwannin birni, sun isa a fara: a rubuta abin da kowa ke ci, a gwada jininsa, a adana samfurin bayan-gidansa a aika inda ake da na'urar tantance bakteriya. Wahalar tana wuri biyu. Na farko firizar da ba za a ɗauke mata wuta ba, domin samfurin da ya narke ya tashi aiki. Na biyu kunya, domin ba ƙaramin abu ba ne a nemi dattijo ya miƙa bayan-gidansa a kwalba. Wannan sai an bi ta hannun dagaci da liman, kuma sai da mata a cikin masu binciken kafin a shiga cikin gida.