Ƙasar da ba ta da bakin teku: daga ƙofar Illela zuwa duwatsun Tajikistan

Shirinmu na musamman na yau yana zuwa muku ne daga Illela, garin da ke kan iyakar Najeriya da Nijar a arewacin jihar Sakkwato, inda ɗan acaɓa zai kai ka Birnin Ƙonni cikin 'yan mintoci.

Duk wanda ya ci kasuwar Illela ranar Lahadi ya ga tattalin arzikin Nijar da idonsa. Shanu da tumaki da raƙuma na gangarowa daga Tawa da Azbin, ga wake, ga albasar Galmi. Motoci kuma na komawa arewa ɗauke da masara da gero da siminti da kayan masarufi. 'Yan canji na zaune da naira a hannu ɗaya, sefa a ɗayan. Bahaushen Ƙonni da na Illela dangin juna ne, da yawa ma surukan juna.

To me ya sa wannan ƙofa take da nauyi haka? Nijar ƙasa ce mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, amma mafi yawanta hamada ce, jama'a sun tattaru a kudu inda ake samun damina. Can arewa akwai duwatsun Azbin, inda ƙololuwar Bagzan ta haura mita 2,000, inda Buzaye ke noman lambu a cikin kwaruruka, kuma ake haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971. Duk faɗin nan, ba ta taɓa teku ba ko ta ina. Shinkafa, magani, injin ban-ruwa, duk abin da jirgin ruwa ya kawo mata sai ya sauka a Kwatano ko Lome ko Legas, sannan ya ratsa ƙasar wani.

Mutanen Illela sun ɗanɗana kuɗarsu a kan wannan. A watan Agustan 2019 gwamnatin Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ba sai Disambar 2020, kuma Illela na cikin ƙofofi huɗu da aka fara buɗewa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, ECOWAS ta sa takunkumi, aka sake garƙame iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da Nijar ke dogaro da ita. Manyan motoci suka yi jerin gwano a bakin shinge, kayan gwari suka ruɓe, 'yan dako da masu abinci suka zauna hannu rabbana. Sai a Maris na 2024 aka sake buɗe iyakar. Rigimar ta shugabanni ce, amma talaka ne ya biya kuɗinta, a ɓangarorin biyu.

Bari mu leƙa wata ƙasa mai nisa da ta sha irin wannan. Tajikistan na tsakiyar nahiyar Asiya, tana iyaka da Afganistan da Sin da Uzbekistan da Kirgistan. Babban birninta Dushanbe, al'ummarta kimanin miliyan 10, akasarinsu Musulmi, harshensu ɗan'uwan Farisanci ne. Sama da kashi 90 cikin ɗari na ƙasar duwatsu ne, kuma ƙololuwar Isma'il Somoni a tsaunukan Pamir ta kai mita 7,495. Ƙanƙarar da ke narkewa daga can ita ce arzikinsu: da ita ake noman auduga, da ita madatsar Nurek ke ba da wuta, da wutar kuma ake narka alminiyom. Duk da haka aiki bai wadata ba, samari na tafiya ci-rani Rasha, kuɗin da suke aikowa gida kuwa shi ke riƙe da iyalai masu ɗimbin yawa. Ɗan Tawa da ke faci a Legas ko Abijan ba sai an yi masa bayanin wannan ba.

Kamar Nijar, Tajikistan ba ta da bakin teku, kuma hanyar jirgin ƙasanta ta Uzbekistan take bi. Da Tajikistan ta nace sai ta gina madatsar Rogun a kogin Bakhsh, Uzbekistan ta ji tsoron ruwan gonakinta zai ragu, sai ta riƙa tsare taragon kaya, ta yanke iskar gas. An yi shekaru ana wannan zaman doya da manja. A 2018 sabon shugaban Uzbekistan, Shafkat Mirziyoyef, ya je Dushanbe da kansa, aka buɗe ƙofofi, aka sauƙaƙa shige da fice, dangin da suka daɗe ba su ga juna ba suka sake haɗuwa, ciniki ya farfaɗo.

Kiranmu ga hukumomin Abuja da na Yamai shi ne, duk saɓanin da zai taso nan gaba, a zauna a sasanta shi, a bar hanyar abinci da magani da zumunci a buɗe. Ku kuma jami'an da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Illela, a ji tsoron Allah, a rage shingaye, a sauƙaƙa wa direba da falke.