Furen da aka raba wa wakilan Majalisar Ɗinkin Duniya, da abin da ya sa sanyi ke kashe irinsa

A watan Mayun 1945, yayin da wakilan ƙasashe ke zaune a birnin San Francisco suna tsara kundin da ya kafa Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙungiyar masu noman wardi ta Amurka ta aika wa tawagogin furen wardi. Rawaya ne mai ratsin ruwan hoda a gefe, faɗinsa ya kusa cika tafin hannu. Ranar 29 ga Afrilu aka raɗa masa suna Peace, wato zaman lafiya, a garin Pasadena na jihar Kalifoniya, daidai lokacin da birnin Balin ke gab da faɗawa hannun sojojin Tarayyar Sobiyat. Wani Bafaranshe mai suna Francis Meilland ne ya samar da shi a 1935, ya kuma aika rassansa zuwa Jamus da Italiya da Amurka kafin yaƙi ya toshe hanyoyi.

Tun daga lokacin, irin wannan fure ne ke zuwa zuciyar mutane da dama idan an ce wardi: guda ɗaya babba a kan dogon kara, tsakiyarsa a murɗe kamar nannaɗaɗɗen rawani. Masu lambu na kiran ajinsa wardin shayi ruwa-biyu. Sai dai a wurare irin su Minnesota da Ontario da Foland, dubban mutane kan saye shi da tsada, su dasa, su yi ta lallaɓawa, sanyin shekara ɗaya ya wuce ya bar musu baƙaƙen ƙirare.

Gadon da ya zo daga Sin

Raunin a cikin jini yake. A farkon ƙarni na 19 aka kai Turai wasu nau'o'in wardi daga ƙasar Sin, waɗanda aka ce ƙamshinsu ya yi kama da na ganyen shayi. Abin da ya ruɗi Turawa shi ne yadda suke ta fure akai-akai, alhali yawancin nasu na gida sau ɗaya suke yi a shekara. Aka shiga haɗa irinsu da na Turai masu ƙarfi, har a 1867 Jean-Baptiste Guillot na birnin Lyon ya fito da La France, wanda ake ɗauka shi ne farkon wannan aji.

Amma itacen da aka saba masa da fure ba hutu bai iya barci ba. Itatuwan ƙasashen sanyi kan daina toho da kaka, su rage ruwan jikinsu, su taurare kafin ƙanƙara ta sauka. Babban wardi kuwa yakan ci gaba da fitar da ɗanyun rassa har sanyi ya riske shi. Ruwan cikin karan ya daskare, ya kumbura, ya farfasa naman itacen. Ba irin sanyin hunturun Jos ko Zariya ake nufi ba. Ana maganar daren da ma'auni ke sauka zuwa digiri 25 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas.

Akwai gado na biyu. A 1900 wani mutumin Lyon, Joseph Pernet-Ducher, ya fito da Soleil d'Or bayan ya haɗa iri da rawayan wardin Farisa. Ta wannan hanya launin rawaya mai haske da ruwan lemo suka shigo ajin, amma tare da su aka shigo da saurin kamuwa da cutar baƙin tabo, wadda ke kakkaɓe ganye tun kafin kaka. Itacen da ya rasa ganyensa a watan Agusta bai tara abincin da zai kai shi Afrilu ba. Shi ya sa masana ke cewa sau da yawa cuta ce ke fara kisan, sanyi ƙarasawa kawai yake yi.

Abin dubawa yana ƙarƙashin ƙasa

Kundin talla fure yake nunawa, alhali abin da ya fi muhimmanci shi ne saiwa. Yawancin manyan wardin kasuwa masu aure ne, kamar dai mangwaron aure: an ɗora idon irin da ake so a kan gindin wani iri mai ƙarfi. Kullin da ke wurin auren shi ne makasar itacen. Idan ya daskare, wardin da aka saya ya tafi ke nan, sai gindin ya tsiro da nasa. A Amurka gindin da aka fi amfani da shi sunansa Dr. Huey, kuma wannan ne dalilin da ya sa ake ganin wani jan wardi mai duhu, mai fure sau ɗaya a shekara, a gaban tsofaffin gidaje da yawa. Masu gidajen ba shi suka dasa ba. Shi ne abin da ya rage.

Don haka mai lambu a ƙasar sanyi na da zaɓi biyu. Ko ya nemi wardin da aka tayar daga reshe, mai saiwarsa ta kansa, wanda ko sanyi ya ƙone shi har ƙasa zai sake tohowa a matsayin irinsa, ko da yake yana da jinkirin girma a shekarun farko. Ko kuma ya sayi mai aure ya binne kullin santimita 5 zuwa 10 cikin ƙasa. A Kanada da arewacin Amurka an fi son wanda aka aura a kan gindin multiflora, saboda ya fi Dr. Huey jure sanyi.

Bayan dasawa akwai ɗawainiya. Ana daina zuba taki makonni shida ko fiye kafin ƙanƙarar farko, don kada a tunzura sabon toho. Idan sanyi ya kama sosai, a tara ƙasa a gindin itacen har santimita 25 ko 30. A Minnesota abin ya wuce haka: sukan haƙa rami a watan Oktoba, su sassauta saiwar, su kwantar da itacen gaba ɗaya su binne shi, sai Afrilu su tono. Duk wanda bai shirya wa wannan aiki ba, gara ya san haka tun kafin ya biya kuɗi.

Inda doka ta shiga lambu

Shekaru da dama an rufa wa raunin babban wardi asiri da feshin magani. Siyasa ce ta tone shi. Lardin Ontario ya haramta amfani da magungunan ƙwari don ƙawata lambu kawai a 2009. Faransa, mahaifar wannan aji, ta hana feshin magungunan sinadari a wuraren shaƙatawa na gwamnati daga 2017, ta kuma hana masu lambun gida daga Janairun 2019. Wardin da ba ya rayuwa sai da feshi duk mako biyu ya zama kaya a wuyan mai shi.

Jamusawa sun riga kowa ganin wannan rana. Suna da wani gwaji mai suna ADR tun 1950, inda ake dasa sababbin iri a lambuna 11 a sassan ƙasar, a sa musu ido shekara uku, kuma tun 1997 ba a fesa musu komai. Wanda ya tsallake ya samu tambarin. Ga mai saye a ƙasar sanyi, waɗannan haruffa uku sun fi kowane hoto amfani. Kamfanin Kordes na arewacin Jamus ya fito da manyan wardi irin su Grande Amore da Beverly a kan wannan turba. Cikin tsofaffi kuwa, Olympiad ja da shi kansa Peace sun yi suna wajen juriya idan an rufa musu gindi, yayin da St. Patrick, mai son zafi, ya fi dacewa da kudu.

Inda sanyi ya kai digiri 30 ƙasa da sifili, gaskiyar da dillalai ba su cika faɗa ba ita ce ajin ne gaba ɗaya bai dace ba. Griffith Buck na Jami'ar Jihar Iowa ya shafe shekaru yana barin wardinsa a fili ba kariya, yana zaɓen wanda ya rayu. Daga nan aka samu Earth Song, mai fure kusa da siffar da ake so. A Ottawa, Felicitas Svejda ta samar da jerin irin su John Cabot da William Baffin. Furensu bai kai na Peace girma da tsari ba, amma ba a tono su daga rami.

A Nuwamban 2023 Ma'aikatar Noma ta Amurka ta sabunta taswirar da ke raba ƙasar gwargwadon tsananin sanyi, kuma kusan rabin ƙasar ya matsa zuwa rukuni mafi ɗumi. Wasu sun ɗauki hakan a matsayin izinin dasa abin da a da ba ya rayuwa. Sai dai taswirar matsakaicin shekara 30 take nunawa, shi kuwa wardi dare ɗaya ke kashe shi. Ɗumamar yanayi ma na kawo sabuwar matsala: dusar ƙanƙara, wadda ke lulluɓe gindin itace kamar bargo, tana raguwa, kuma ɗumin tsakiyar Fabrairu kan yaudari itacen ya toho, sanyin Maris ya dawo ya same shi a buɗe.