Ciwon Lufus da Juna Biyu: Shirin Yana Farawa Tun Kafin Ɓatan Wata

Tsakanin 1960 da 1965, a duk ciki ɗari da mata masu ciwon lufus suka ɗauka, kusan 43 ba su kai ga rayayyen jariri ba. Likitocin wancan zamani ba sa ɓoye-ɓoye, sukan ce wa mace ta haƙura da haihuwa kawai. Zuwa farkon shekarun 2000 adadin ya sauko zuwa kusan 17, bisa alƙaluman asibitocin ƙasashen da suka ci gaba. Yawancin magungunan da suka kawo wannan sauyi tsofaffi ne da aka daɗe da sani. Abin da aka koya a tsakani shi ne yaushe ya dace mace ta ɗauki ciki, wane magani za ta ajiye, wane ne kuma ba za ta kuskura ta bari ba.

Lufus, wanda ake rubutawa lupus ko SLE a katin asibiti, ciwo ne na garkuwar jiki. Sinadaran da jiki ke haɗawa don yaƙar ƙwayoyin cuta su ne suke rikicewa su afka wa mai su, su taɓa fata da gaɓoɓi da ƙoda da jini, wani lokacin har zuciya da ƙwaƙwalwa. Ba a ɗaukarsa a wurin wani, ba shi kuma da dangantaka da ƙanjamau ko ciwon daji. Cikin masu shi goma, tara mata ne, kuma ya fi bayyana tsakanin shekara 15 da 45, wato daidai shekarun aure da haihuwa. Bincike a Amurka da Ingila ya nuna ya fi kama baƙar fata, ya kuma fi yi musu tsanani, musamman ta wajen ƙoda. Halinsa shi ne ya lafa na wani lokaci, sannan ya motsa.

A wajenmu matsalar farko ita ce a gane shi. Mace na fama da zazzaɓi mai tafiya ya dawo, da ciwon gaɓoɓi, da kasala, gashi na zuba, baki na fashewa, ga tabo a kumatu da karan hanci da ke ƙaruwa in ta sha rana. A baƙar fata tabon ba lalle ya fito ja ba, sau da yawa duhu yake yi, sai a ɗauka mai ne ya ƙona ta. Daga nan a shiga maganin maleriya da taifot, a koma a ce sanyi ne, a ƙarshe a ce sammu. Wasu matan ba a gano ciwonsu sai bayan ɓari na biyu ko na uku.

Lufus shi kansa ba kasafai yake hana ɗaukar ciki ba, kuma nan haɗarin yake: cikin na iya shiga a lokacin da jiki bai shirya ba. Ƙa'idar da likitocin wannan fanni suka haɗu a kai ita ce ciwon ya yi aƙalla wata shida a kwance, musamman na ƙoda, kafin a nemi ciki. Wadda ta ɗauka ciwon na tashe ta fi fuskantar ɓari, da haihuwar bakwaini, da hawan jini, da ƙara lalacewar ƙodar da ba lalle ta koma daidai ba bayan haihuwa. Wata shida ba wani abu ba ne a takarda, amma duk wanda ya san gidajenmu ya san nauyinsa. Amarya ba ta rufa wata uku a ɗaki ba an fara tambayar, "Har yanzu shiru?" Wadda ta yi ɓari kuma ana ganin babban lallashin da za a yi mata shi ne ta sake samun wani da wuri. A ganina, mijin da ya raka matarsa wurin likita, ya ji bayani da kunnensa, sannan ya tare mata surutun dangi, ya yi rabin jinyar.

Akwai hujjar da ke nuna jiran na da riba. A 2015 aka wallafa sakamakon wani babban bincike mai suna PROMISSE, wanda Dakta Jill Buyon ta birnin New York ta jagoranci rubuta shi. An bi mata 385 a Amurka da Kanada waɗanda suka ɗauki ciki ciwonsu na kwance ko bai yi tsanani ba. Kashi 81 cikin ɗari sun sauka ba tare da wata babbar matsala ta sami jaririn ba. Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu shan maganin hawan jini, da masu ƙarancin ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, da waɗanda ciwonsu ya motsa, da masu wani sinadarin daskarar da jini da za mu zo kansa. Matan da ba farar fata ba ma sun fi shan wahala. Sai dai a lura, waɗannan mata ne da aka sa wa ido tun daga farkon ciki har ƙarshensa. Wadda ba ta fara awo sai ciki ya kai wata shida ba za ta jingina da wannan adadi ba.

Akwai kuma matan da likita zai ce musu a dakata, ko ma a haƙura: mai hawan jinin jijiyoyin huhu, mai ƙodar da ta yi nisa wajen lalacewa, mai raunin zuciya, da wadda ta sami shanyewar ɓarin jiki a 'yan watannin baya. Ga irin waɗannan, cikin na iya zama ajali.

Batun magani ne ya fi yawan kuskure, kuma kuskuren iri biyu ne masu karo da juna. Na farko, mace ta ci gaba da shan abin da ke cutar da ɗan tayi don ba wanda ya gaya mata. Methotrexate, mycophenolate da cyclophosphamide suna jawo ɓari ko nakasa. Ana sauya su tun kafin ciki ya shiga, a jira a ga ko sabon maganin ya riƙe ciwon. Warfarin, da magungunan hawan jini irin su lisinopril da losartan, su ma ba na mai ciki ba ne, akwai madadin na hawan jinin kamar methyldopa, labetalol da nifedipine. Magungunan ciwon jiki da muke saye a kemis kamar gyaɗa, irin su diclofenac da ibuprofen, suna iya taɓa ƙodar jariri su rage ruwan da yake kwance a ciki idan ciki ya wuce mako 20.

Kuskure na biyu ya fi yawa, domin da kyakkyawar niyya ake yin sa. Da zarar mace ta ga ɓatan wata sai ta tattara magunguna duka ta ajiye, ko uwa ko ƙawa ta ce mata mai ciki ba ta shan ƙwaya. Hydroxychloroquine, ɗan'uwan kulorokwin ɗin da muka sani na zazzaɓi, shi ne ginshiƙin maganin lufus, kuma ana so mai ciki ta ci gaba da shan sa daga farko har ƙarshe. Wadda ta daina ita ce ciwon ya fi motsa wa. Azathioprine da tacrolimus ma ana amfani da su a lokacin ciki. Prednisolone kuwa ana ba da mafi ƙarancin abin da zai wadatar, don yawansa na kawo ciwon suga na mai ciki da hawan jini da fashewar faya kafin lokaci. Amma wadda ta daɗe tana sha ba ta yanke shi rana ɗaya, yin haka na iya kayar da ita. Idan ciki ya shiga ba shiri, abin yi shi ne a kwashi kwalayen magungunan duka a kai wa likita a makon nan, ba a jira ranar awo ba.

Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu lufus suna da wasu sinadarai a jini da ake kira antiphospholipid, masu sa jini saurin daskarewa. Wani likitan Landan, Graham Hughes, shi ya bayyana wannan larura a 1983. Mabiyiya cike take da ƙananan jijiyoyi da ke kai wa ɗan tayi abinci da iska. Idan gudajin jini suka toshe su, sai abin ya zama kamar lambun rani da aka datse wa hanyar ruwa: jaririn ya daina girma, ko ya mutu a ciki bayan ya fara motsi. Ita uwar ma gudan jini na iya tsaya mata a ƙafa ko ya wuce huhu. Ba kowace mai yawan ɓari ke da wannan larura ba, dalilan ɓari suna da yawa. Amma matar da ta yi ɓari uku a jere, ko ɗa ya mutu mata a ciki bayan mako 10 ba a san dalili ba, ta cancanci a yi mata wannan gwaji kafin a laƙaba mata sunan mai wabi. Ana yin gwajin sau biyu da tazarar mako 12. Idan ya tabbata, ƙaramin asfirin da allurar heparin ta kullum suna sa kimanin bakwai cikin goma su haihu da rai.

Sai hawan jinin masu ciki, wanda ke iya ƙarewa da jijjiga, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wurin haihuwa a Nijeriya da Nijar ko da ba lufus. Mai lufus ta fi sauran mata kusa da shi, shi ya sa likitoci ke ɗora ta a kan ƙaramin asfirin tun wajen mako 12. Wahalar ita ce alamominsa da na motsawar ciwon ƙoda kusan ɗaya ne: kumburi, jini ya hau, furotin a fitsari. Maganinsu kuwa ya sha bamban, domin na farko sai an raba uwa da cikin yake sauka, na biyu kuma ƙarin maganin lufus yake so. Likita zai fi iya bambancewa idan yana da sakamakon gwajin jini da fitsari na farkon ciki da zai kwatanta da shi. Wannan kaɗai ya isa dalilin fara awo da wuri da adana kowace takardar gwaji. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kumburin fuska da hannaye, fitsari mai kumfa, ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, numfashi sama-sama, zubar jini, ko motsin ɗa ya ragu, duk ba abin da za a kwana da shi a gida ba ne.

Iyaye kan tambaya ko jaririn zai gaji ciwon. Mafi yawan 'ya'yan masu lufus ba sa yin sa. Abin da ake dubawa wasu sinadarai ne biyu, anti-Ro da anti-La, da kan tsallaka daga jinin uwa zuwa na ɗa. Wani jaririn yakan fito da zagayayyun tabbai a fuska da fatar kai, waɗanda ke ɓacewa da kansu zuwa wata shida ko takwas idan sinadaran uwar sun bar jikinsa. Wanda ya fi tayar da hankali shi ne taɓuwar hanyar da ke daidaita bugun zuciya. Yana samun jariri ɗaya ko biyu cikin ɗari na matan da ke da sinadaran, yawanci tsakanin mako 18 da 24. Bugun da ya kamata ya kasance 110 zuwa 160 a minti sai ya faɗo wajen 60. Idan ya kafu ba ya warkewa, kuma da yawa daga yaran sai an dasa musu na'urar daidaita bugu. Wadda ta taɓa haifar irin wannan jariri, haɗarin maimaituwa yakan kai kusan kashi 18 cikin ɗari, amma wani bincike da aka wallafa a 2020 ya nuna shan hydroxychloroquine tun farkon ciki ya rage shi da fiye da rabi.

Duk wannan na nufin cikin mai lufus ba na haihuwar gida ba ne, komai ƙwarewar ungozoma. Ana buƙatar likitan mata da likitan gaɓoɓi ko na ƙoda su yi aiki tare, a asibitin da ke da kwalbar bakwaini da wurin ƙarin jini. Likitocin gaɓoɓi kaɗan ne ƙwarai a ƙasashenmu, an fi samun su a manyan asibitocin koyarwa irin na Kano da Zariya da Maiduguri. Idan za a kai mace goyon ciki gidan iyayenta, a fara auna nisan gidan da irin wannan asibiti. Lufus ba ya wajabta tiyata. Da yawa suna haihuwa da kansu.

Bayan an sauka lafiya ma da sauran aiki, domin ciwon na iya motsawa a makonnin jego, kuma mako shidan farko su ne lokacin da jini ya fi saurin daskarewa. Mai allurar heparin takan ci gaba da ita har bayan arba'in. Kwanciya wuri guda yini sukutum ba ta da amfani, a riƙa ɗan takawa. Kunun kanwa kuma a yi hattara da shi. Tun a shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego a yankin Zariya da shan kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta. Kanwa gishiri ce mai tara ruwa a jiki. Idan ta iya galabaitar da zuciyar mace mai lafiya, ina ga wadda ƙodarta ke da rauni kuma jininta ke hawa? Iyayenmu mata da ke kula da mai jego su ne suka fi cancanta a yi wa wannan bayani, cikin ladabi, tun kafin haihuwa.

Shayarwa ba laifi, hydroxychloroquine da prednisolone da azathioprine da heparin duk ba sa hana ba da nono. Idan ciwon ya tilasta komawa kan methotrexate ko mycophenolate ko cyclophosphamide, to sai a yaye. Kada kuma a dogara da shayarwa wajen hana wani cikin. A zaɓi hanyar tazarar haihuwa kafin a bar asibiti: ƙwayoyin da ke da sinadarin estrogen ba su dace da mai saurin daskarewar jini ko mai ciwon ƙoda a tashe ba, allurar wata uku ma sai da shawarar likita, amma robar mahaifa ta dace da yawancin masu lufus, kuma ana cire ta duk ranar da gwaji ya nuna ciwon ya sake cika wata shida a kwance.