Idan Idon Direba Ya Rufe, Wa Zai Taka Birki?

Ranar 28 ga watan Mayun 2008, gab da ƙarfe shida na yamma, daidai lokacin da ma'aikata ke tururuwar komawa gida, wani jirgin ƙasa na cikin gari ya tsaya a gaban danja tsakanin tashar Waban da ta Woodland, a garin Newton da ke gefen birnin Boston na Amurka. Can sai ga wani jirgin a bayansa, a kan dogo ɗaya, yana gudun kilomita 61 a sa'a. Bai rage gudu ba har ya afka masa. Matar da ke tuƙa jirgin na baya ta rasu, wasu kuma suka jikkata.

Irin waɗannan jirage, da ake kira tiram, ƙanana ne masu amfani da lantarki. A wasu wuraren suna raba titi da motoci, a wasu kuma suna da hanyarsu ta kansu. Layin Green Line da abin ya faru a kansa tsoho ne. Wani sashensa na ƙarƙashin ƙasa tun 1897 aka buɗe shi. Dokarsa a fili take: direban da ya iske danja zai tsaya cak, ya dakata, sannan ya wuce a hankali, kada ya haura kilomita 16 a sa'a. Direbar ba ta tsaya ba.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta bi diddigin lamarin. Abin da ta gano ya fi ganganci ban tsoro. Mafi rinjayen zato shi ne barci ya sace direbar na 'yan daƙiƙu, kuma akwai alamun tana cikin masu haɗarin kamuwa da cutar ɗaukewar numfashi a cikin barci. Mai wannan cuta yakan kwana yana farkawa bai sani ba, ya wayi gari a gajiye, da rana kuma ƙwaƙwalwarsa ta riƙa ɗaukewa nan da can, wani lokacin ma idonsa biyu. Barci ɓarawo ne, ba ya sallama.

Me daƙiƙa biyar za ta iya yi? Jirgin da ke gudun kilomita 61 a sa'a yana cin mita 17 a kowace daƙiƙa, wato mita 85 kafin mai gyangyaɗi ya farga. Ko ya farga, da sauran aiki. Tayar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba ta da riƙo irin na tayar roba a kan kwalta. Wannan sulɓi ne ke sa jirgi ya ja ɗaruruwan mutane da wuta kaɗan, shi ne kuma ke hana shi tsayawa da wuri. Saboda haka ake sa wa jiragen na'urar watsa yashi a gaban tayoyi, da birkin maganaɗisu mai manne wa dogo. Duk da haka lissafi ba ya canzawa: in gudu ya ninka sau biyu, nisan da ake buƙata kafin a tsaya yana ninkawa sau huɗu. Tsakanin kilomita 16 da 61, bambancin ya haura ninki 14. Ga shi jirgi ba shi da sitiyarin da zai kauce.

Lokacin cunkoso yana ƙara dagula al'amarin. Jirage na bin juna kusa da kusa, taragu cike da mutane a tsaye, direba kuma ko dai ya fito tun asuba ko ya yini yana aiki.

Sai dai rahoton bai ɗora komai a kan marigayiyar ba. Ya ce rashin na'urar da za ta tsayar da jirgi da kanta idan ya tsallake danja yana cikin musabbabin haɗarin. A nan gizo ke saƙa. A Mayun 2009 wasu jirage biyu sun sake karo a layin, kusa da tashar Government Center, direba yana rubuta saƙo a waya. Hukumar da ke gudanar da layin ta haramta wa direbobi ɗaukar waya a bakin aiki. A Yulin 2021 aka sake wani karon a kan titin Commonwealth, fiye da mutum 20 suka ji rauni, kuma har lokacin ba a kafa na'urar ba.

Garin Croydon na Ingila ya ɗauki nasa darasin da tsada. Ranar 9 ga Nuwamban 2016, da sassafe, wani tiram ya shiga kwanar Sandilands da gudun kilomita 73 inda aka ƙayyade 20, ya kife, mutum 7 suka mutu. Nan ma masu bincike sun karkata ga gajeren barci. Bayan haka aka sa na'urar da ke lura da idon direba ta girgiza kujerarsa in ya fara gyangyaɗi, da wata mai taka birki da kanta a wurare masu haɗari.

Hukunta direba abu ne mai sauƙi, kuma wani lokaci ya cancanta. Amma ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Direban da ya fi kowa ƙwarewa ma wata rana gajiya za ta ci ƙarfinsa. Duk hukumar da ta ɗora rayukan fasinjoji a kan idon mutum ɗaya, ita ma tana da alhaki a ranar da idon ya rufe. A duba lafiyar barcin direbobi, a tsara musu lokutan aiki na hankali, sannan a kafa na'urar da za ta tsayar da jirgi ko da mai tuƙi bai motsa ba. Fasahar tana nan, an kuma gwada ta. Jinkirin kafa ta zaɓi ne, kuma fasinjoji da direbobi ne ke biyan kuɗinsa da jikinsu.